Gudu na Biyu

Akwai wani wasa da sunansa ya ce biyu, amma duk wanda ya shiga sai ya yi uku. Duwatalon ake ce masa. Mutum zai yi gudu da ƙafa, ya hau keke, ya sauka, ya sake yin gudu, duk a jere, agogo bai tsaya masa ba ko na ƙiftawar ido. A tsayin da hukumar wasan ta duniya ta ɗauka ma'auni, gudun farko kilomita 10 ne, keke kilomita 40, gudun ƙarshe kilomita 5. Akwai gajere, rabin wannan daidai. Akwai kuma dogo, wanda za mu zo kansa. Kowanne ka ɗauka, zango uku ne. Sunan kuwa, gabansa daga kalmar "biyu" ta tsoffin harsunan Turai aka yanko shi, bayansa daga wata kalmar Girkanci mai nufin gasa ko ladan gasa.

Ba ma shi ne sunan yanka ba. A shekarun 1980, lokacin da wasan ke tasowa a Amurka, da yawa bayatalon suke kiransa. Sai dai wannan suna yana da masu shi: 'yan ƙasashen sanyi da ke zamiya a kan dusar ƙanƙara da bindiga rataye a baya, su tsaya su auna su harba, wasan da ya shiga gasar Olamfik ta hunturu tun 1960. Dole aka sakar musu kayansu. Hukumar da ke kula da wasan an kafa ta a birnin Avignon na Faransa a 1989, aka yi gasar duniya ta farko a 1990 a garin Cathedral City na jihar Kalifoniya, inda Ken Souza na Amurka ya zo na ɗaya a maza. An sauya suna, amma "biyu" ɗin nan ta biyo shi har sabon gida.

Wanda ya raɗa sunan iri ya ƙirga: ƙafa da keke. A lissafinsa gudu gudu ne, ko an yi shi da farko ko an yi shi daga baya, saboda haka ba sai an ƙirga shi sau biyu ba. Da wannan lissafin nake jayayya.

Bahaushe ya daɗe da sanin maimaici ba ya barin kalma yadda ya same ta. Ka ce maza, ka ce maza-maza, ka ƙara wuta. Ka ce fari, ka ce fari-fari, ka dusashe shi. Wanda ya taho gudu-gudu sauri-sauri bai kai ga gudu ba, ya dai fi ƙarfin tafiya. Guje-guje kuwa gudu ne da ya warwatsu, shi ya sa a makaranta ake cewa guje-guje da tsalle-tsalle. Kalma ta biyu kullum tana fitowa ne da ta farko goye a bayanta, ko nauyin ya ƙara mata ƙarfi ko ya durƙusar da ita. Da za a rubuta duwatalon bisa ƙa'idar rubutun Hausa, gudu-gudu za a rubuta, keken ya zama shi ne karan ɗori a tsakiya, karan ɗori mai tsawon kilomita 40.

Gudun farko gudun marasa gajiya ne, kuma nan haɗarinsa yake. Ƙafa sabuwa ce, jini ya ɗauki zafi, jama'a na tafi. Gwanayen maza kan cinye kilomita goman nan cikin wajen minti 30. Masu labarin wasanni a rediyo suna da suna biyu ga dogon tsere, gudun fanfalaki da gudun ya-da-ƙanin-wani, kuma na biyun kamar don wannan zango aka ƙirƙire shi. Ba wanda ke cin gasa a gudun farko. Aikinsa tankaɗe ne. Wanda ya fi ƙarfi a ƙafa yana matsawa don ya yar da wanda ya san ya fi shi ƙarfi a kan keke, tun kafin a kai ga kekunan. Ƙanin da ake yarwa ba lallai ya zama ƙarami a shekaru ba. Duk wanda ya bi saurin da ba nasa ba don kada a ce an bar shi a baya, shi ne ƙanin wani, ko da furfura a gemunsa. Abin takaicinsa shi ne ba nan take ake gane an yar da shi ba. Yana iya isa wurin kekuna tare da na gaba, yana jin kansa daidai da kowa, sakamakon sai bayan awa guda zai fito.

Dalilin yana cikin tsoka. Duk takun da mai gudu ya yi, jikinsa na dira ƙasa da nauyin da ya ninka nasa sau biyu zuwa uku, tsokar cinya da ta sha-raɓa su ne ke tare wannan dira, suna miƙewa alhali suna riƙe da kaya. Irin wannan aiki yana yi wa zaren tsoka ƙananan yage-yage da ba a jin su sai daga baya. A tirayatalon, yayan wannan wasa, iyo ake fara yi, ruwa na ɗauke da mutum, hannu da kafaɗa ne ke shan wahala, ƙafa ta isa ga keke kusan lafiya lau. Ɗan duwatalon kuwa da ƙafar da aka riga aka daka yake hawa keke. Shi ya sa ake yawan jin waɗanda suka gwada duka biyun suna cewa mai suna biyun ya fi mai suna ukun ciwo.

Tsakanin gudu da keke akwai wani fili da aka kewaye, kekuna rataye a jere, kowanne da lambarsa. Zango a Hausa abu biyu ne: tazarar da matafiyi zai ci kafin ya sauka, da kuma masaukin kansa, inda fatake ke kwance kaya su sha ruwa. Wannan fili zango ne da aka cire wa hutu. Agogo na tafiya. Doka ta ce ba za ka sauke keke daga maratayi ba sai hular kwano na kanka, igiyarta a maƙale ƙarƙashin haɓa, kuma in ka dawo ba za ka kwance ta ba sai keken ya koma wurinsa. Ba a hawa a cikin filin. Turawa ake yi da gudu har zuwa wani layi da aka shata a ƙasa, a dawowa ma sai an sauka kafin layi. Gwanaye sukan maƙala takalman keke a jikin feda tun kafin a fara, su ɗaure su da siririyar roba don kada su ja ƙasa, su tura keken ba takalmi, su daka tsalle su hau, robar ta tsinke da juyin farko, sai tafiya ta miƙa sannan su zura ƙafa. Takalmin gudu kuma igiyarsa ta roba ce, ba ɗauri. Duk wannan hidima ba ta kai minti ɗaya a hannun wanda ya iya. A hannun wanda ya ruɗe kuwa, har neman kekensa yakan tsaya yi cikin ɗaruruwan kekuna, kamar ba shi ya rataye shi da safe ba.

A kan keke abokin gaba iska ce. In gudu ya kai kilomita 40 a awa, mafi yawan ƙarfin da mutum ke zubawa a feda wajen keta iska yake tafiya, wanda kuma ya manne a bayan wani yana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan wahala. To, me za a kira wannan mannewa? Hausa ta ba mu kalma biyu masu kama da juna, fakewa da laɓewa. Mai fakewa ba shi da laifi, ruwa ne ya tare shi ya shiga rumfa. Mai laɓewa kuwa, tun kafin a ji abin da ya yi an fara zarginsa. A gasar gwanaye ta gajere da matsakaicin tsayi, doka ta halatta, don haka fakewa ce, ana tafiya a dunƙule, ana karɓa-karɓa a gaba. A dogon tsere, da yawancin gasannin masu sha'awa da ake rarraba su rukuni-rukuni bisa shekaru, laɓewa ce. Sai ka bar tazarar da doka ta ƙayyade tsakaninka da na gabanka. In ka shiga wannan tazara, kana da 'yan daƙiƙu ƙayyadaddu ka wuce shi, in ba haka ba alƙali a kan babur zai ɗaga maka katin shuɗi, ka je rumfar hukunci ka tsaya kana kallo ana wuce ka. Aiki ɗaya, hanya ɗaya, iska ɗaya, takardar doka ce kawai ta raba dabara da laifi.

Ni dai na fi son inda aka hana. Inda aka halatta, zangon keke yakan koma siyasa. Cikin ayarin ba a rasa cima-zaune, wanda ya san ƙafarsa ta fi ta kowa, ya lafe a baya ya ƙi karɓar gaba, wasu su keta masa iska har kilomita 40, a sauka ya bar su a tsaye. Bai karya doka ba, kuma kofin da ya ɗauka nasa ne halak malak. Amma waɗanda suka ja shi ba sa mantawa, a gasa ta gaba za ka ga suna ta kai farmaki ɗaya bayan ɗaya don su yakice shi.

A kan keken ne kuma ake cin abinci, don a nan ciki ba ya jijjiga. Sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta bai fi ya ɗauki mutum awa ɗaya da rabi zuwa biyu na aiki tuƙuru ba, saboda haka a dogon tsere ana ƙoƙarin shigar da giram 60 zuwa 90 na sukari da dangoginsa a kowace awa, ko ana jin yunwa ko ba a ji. Abin da aka haɗiya a kan keke guzurin gudu na biyu ne.

Sai a sauka. A nan ne kalmar gudu take sauya ma'ana.

Mutum ya shafe awa ɗaya, ko huɗu, a duƙe, ƙugu a lanƙwashe, ƙafa na zagaye wajen sau 90 a minti ba ta taɓa ƙasa ba. Yanzu an ce ya miƙe tsaye, ya ɗauki nauyin kansa, ya buɗe taku. Tsokar gaban ƙugu ta ɗaure, cinya ta cika, ƙwaƙwalwa kuma ba ta gama sakin tsarin juya feda ba. Takun farko-farko sai mutum ya ji kamar ƙafar aro aka ba shi. Akwai kuma ruɗin ido: wanda ya saba ganin bishiyoyi na wucewa da saurin keke, in ya koma ƙafa sai ya ga kamar a tsaye yake, ya ƙara wuta fiye da ƙima, bayan kilomita ɗaya ya gane kurensa. Masu wasan suna da atisaye na musamman don wannan gaɓa, a sauka daga keke a zarce da gudu nan take, kuma a bakinsu bulo ne sunansa. Wasu na cewa don ƙafa takan yi nauyin bulo, wasu na cewa don ana ɗora wani aiki a kan wani yadda magini ke jera su. Atisayen ba ya kawar da nauyin. Abin da yake koya wa mutum shi ne nauyin nan yana da iyaka, in aka gajarta taku aka yawaita shi, bayan 'yan mintuna ƙafa za ta dawo hannun mai ita.

Hausa ba ta yi rowar kalmomi ba a wannan fage. Akwai gajiya, wadda kowa ke kwana da ita. Akwai kasala, wadda ba ruwanta da aikin da aka yi. Akwai jigata, akwai galabaita, mutum kan yi laushi, ya gaji tiɓis, ya yi liƙis. Can ƙarshe akwai sarewa, ita kuma ba a tsoka take ba, a zuciya take. Babban ilimin ɗan tsere shi ne ya iya kiran kowacce da sunanta yayin da take faruwa a jikinsa. In nauyin sauka daga keke ne, zai wuce, a ci gaba. In sukari ne ya ƙare, kai ya yi fayau, ƙafa ta zama fanko, ba jarumtar da za ta yi magani sai an ci wani abu. In zafi ne ya yi yawa har tunani ya fara rikicewa, tsayawa ce wajibi, wanda ya ci gaba a wannan hali da ransa yake wasa. Wanda ya ɗauki kasala ya kira ta galabaita zai bar tseren da zai iya gamawa. Wanda ya ɗauki galabaita ya kira ta kasala, a motar asibiti zai gama nasa. Daga waje juriya da taurin kai fuska ɗaya gare su, mai kallo ba zai raba su ba sai ya ga ƙarshe.

Ga kuma gaisuwarmu. A ce maka ina gajiya, ka ce ba gajiya, ko da yanzu ka sauke buhu daga ka. Ba mai ɗaukar wannan amsa a matsayin ƙarya, domin mai tambaya ya ga gajiyar da idonsa, tambayar ma ita ce shaidar ya gani. Amsar na nufin ba ta kai a yi ƙorafi ba. Wani lokaci ma cewa ake yi gajiya ta bi lafiya, wato sai mai lafiya ne ke samun abin da zai gajiyar da shi. A ganina da irin wannan harshe ɗan duwatalon ke magana da ƙafarsa a gudu na biyu. Ya ji ta sarai, ya amsa mata da ba gajiya, ya kuma kasa kunne ko za ta ce wani abu da ya wuce gaisuwa.

Inda wannan magana ta fi fitowa fili shi ne Zofingen, wani ƙaramin gari a yankin Aargau na ƙasar Suwizalan. Tun 1989 ake yin gasar Powerman a can, kuma sau da yawa ita ce gasar duniya ta dogon tsere. Tsarin da aka san ta da shi: gudun kilomita 10, keke kilomita 150, sannan gudun kilomita 30, ƙasar kuma duk hawa da gangara ce. A gajere da matsakaicin tsayi gudu na biyu rabin na farko ne, kamar an tausaya. A Zofingen ninkinsa uku ne. Zakaran maza kan shafe sama da awa shida, ta mata wajen awa bakwai. Gangara ma, wadda mai kallo zai zaci sauƙi ce, ita ta fi cin cinyar da ta riga ta yi kilomita 150 tana juya feda. Olivier Bernhard, ɗan ƙasar, ya ci wannan gasa sau da dama, da ya bar tsere kuma sai ya shiga sana'ar takalmin gudu, yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin On a 2010. Ban yi mamaki ba. Wanda ya san dirar ƙafa a kilomita na 25 na gudu na biyu yana da abin cewa game da tafin takalmi.

Emma Pooley ta Birtaniya ta ci Zofingen sau huɗu a jere, daga 2014 zuwa 2017. Duniya ta fi saninta da keke: azurfa a tseren kaɗaici da agogo a Olamfik ta Beijin a 2008, zakarar duniya a wannan fanni a 2010. Amma da gudu ta fara, tana ɗaliba a Cambridge rauni ya sa ta koma keke, bayan ta gama da keke kuma ta dawo ƙafa, har gudun duwatsu ta shiga. Ita rayuwar tata ma a kan tsarin wasan ta tafi.

Duk da haka wasan bai samu kujera a Olamfik ba. Yayansa ya shiga tun gasar Sidni ta 2000, shi kuwa sai World Games, taron wasannin da aka bari a waje, kamar wanda aka yi a Cali ta Kolombiya a 2013 da Birmingham ta Amurka a 2022. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne matsayin da dokar tirayatalon ta ajiye shi. In ruwa ya gurɓace, ko igiyarsa ta yi ƙarfi, ko sanyinsa ya wuce ƙima, sai a soke iyo a sa gudu a madadinsa. Haka aka yi a Faris a watan Agustan 2023, a gasar gwaji ta share fagen Olamfik, da awo ya nuna ruwan kogin Seine bai dace a shiga ba: tseren masu buƙata ta musamman da na karɓa-karɓar maza da mata duk aka mayar da su duwatalon. A 2024 ma sai da aka ɗage tseren maza da kwana ɗaya saboda ruwan nan. Wato an mai da wasan taimama, sai an rasa ruwa ko ruwan zai cutar a dafa ƙasa. Sai dai ita taimama rangwame ce, wannan kuwa wanda aka yi wa canjin ya san ba rangwame aka yi masa ba. Gwanin iyo ya rasa makaminsa, ga ƙarin duka a ƙafa.

Saura kalma ɗaya, horo. Da ita muke cewa an horar da ɗan wasa, da ita muke cewa an yi wa mai laifi horo, kuma masu son nuna wahalarsu sukan so a haɗa biyun. Masu horarwa da yawa ba su yarda ba. A wurinsu mafi yawan atisaye, kusan kashi huɗu cikin biyar, a hankali ake yin sa, da saurin da mutum zai iya hira yana tafe, ragowar kaɗan ɗin ne ake matsawa. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya mai da kowace fita horon laifi, rauni ne zai riga gasa zuwa gare shi. Wasa biyu ne ke neman jiki ɗaya, abin da ka ƙara wa keke daga asusun gudu ka cire shi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, watanni ake yi ana wannan rabo kafin ranar.

Yawancin waɗannan awoyi a kan titi ake cin su. Ranar gasa akan tsare hanya, ga 'yan sanda, ga alƙalai, ga motar asibiti. Ranar atisaye mutum ne da kekensa cikin motoci. Benny Vansteelant na Beljiyam shi ne gwarzon wasan a farkon wannan ƙarni, ya zama zakaran duniya sau da dama, a matsakaicin tsayi da kuma dogo, ya ci Zofingen a 2005 da 2006. Ranar 8 ga Satumban 2007 mota ta buge shi yana atisaye a kan keke a yankinsu na Flanders ta Yamma. Ya rasu a asibiti ranar 14 ga watan, yana da shekara 30. Ƙanensa Joerie, wanda shi ma ɗan wasan ne, bai jingine keke ba. Ya ci gaba da fita atisaye, ya je Zofingen ya zo na ɗaya a 2009, ya sake a 2011 da 2012.